Kada Ka Kwantar Da Injin Mutum

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sunusi. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya ba ka lafiya, Ya tsare maka hanya tun daga Kwanar Dangora har ka sauka Tudun Wada, Ya kare ka daga mugun direba da mugun aboki, amin.

Ka san ban yi boko ba. Yayarka ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na gaya mata abin da ya fito daga bakina shi za ta sa, ba ragi, ba kwaskwarima. In ka ga magana ta karkace, haka na faɗe ta.

Yau kwana tara kana durƙusawa a ƙofar zaure kana gaishe ni, ina kau da kai. Ka san dalili. Ka zo ka ce za ka koma Tudun Wada, rumfar kawunka Garba, ku riƙa gyaran injinan ban-ruwa. Ni kuma na ce maka a gaban mahaifiyarka, ranar da ka taka rumfar nan kada ka ƙara kirana Baba. Na faɗa, kowa ya ji. Jibi Asabar za ka tafi, na ga jakarka a ɗaure. Na so in kira ka in zaunar da kai, amma na san halina, in na dubi fuskarka bakina faɗa zai koma. Shi ya sa na ce a rubuta. Ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake.

Ni ma an taɓa sallamata daga aiki. Wannan ka sani, abin da na yi da sallamar ne ba ka sani ba. Kafin a haife ka ina aiki a wata babbar gona wajen Bebeji, a garejin taraktoci. Ban kai direba ba, ban kai makaniki ba. Ni ne mai sa giris, mai wanke ƙarafa da kananzir, mai miƙa sifana in an ce miƙo. Amma ina da kaki, ina da hula mai baki, ƙarshen wata ina shiga layi kamar kowa. Wata safiya muka tarar an liƙa takarda a jikin get. Na tsaya a gabanta ina kallo kamar mai karatu, sai da maigadi ya matso ya ce, "Sabo, sunanka na nan, kai ne na huɗu." Manajan da na yi shekara bakwai ina goge masa mota, ba ma aikina ba ne, ya zo ya wuce ni gilashi a rufe. Ya rasu yanzu, Allah Ya ji ƙansa, amma gilashin nan ban yafe ba. Yayarka ta ce a cire wannan. A bar shi.

Damina biyu na yi ina jiran a kira ni. Duk farkon wata sai in sa a wanke kakin nan, a goge da dutsen gawayi, in hau keke daga nan Kafin Maiyaƙi har can, in tsaya bakin get in tambayi maigadi ko an yi cigiyata. Ya ce tukuna. In juyo. In aka tambaye ni a gari sai in ce hutu aka ba mu. Ɗanlami mai injin niƙa na unguwarmu ya ce in zo in riƙa taya shi, na ce masa ni ma'aikaci ne, ba zan koma shaƙar gari ba. Gonar gado tana nan, na ba da aronta, wai kada a ga ma'aikaci da fartanya. Mahaifiyarka ce ta riƙe gidan nan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, hannunta har ya yi kanta. Ban taɓa ce mata sannu a kan wannan ba.

To kai ka fi ni, ba ka zauna ba. Amma na ga katin kamfanin robar nan na Kano har yanzu yana aljihun rigarka, wata goma sha ɗaya da rufe sashenku. Ranar sunan ɗan maƙwabcinmu Hamisu na ji ana tambayarka sana'a, ka ce, "Da dai ina kamfani." Ka daina. Ka bar katin a gida, mahaifiyarka ta jefa shi cikin kwalla. Wanda ya sallame ka ba ya kwana da tunaninka, kai ma kada ka kwana da nasa. In an tambaye ka, ka ce kai mai gyara ne, da ƙarfi, yadda na bayan mai tambayar ma zai ji.

Bari ka ji yadda na shiga gyara, don ba da niyya na shiga ba. Ana saura kwana uku sallah injin Ɗanlami ya mutu. Ƙore da kwanuka sun yi layi har bakin masallaci, an aika Kano a kira makaniki bai zo ba. Ƙwaryar gidanmu tana cikin layin. Mahaifiyarka ta shigo ta same ni a kan tabarma ina jin rediyo, ta ce, "Malam, shekara bakwai kana miƙa sifana, idonka a rufe yake lokacin?" Wallahi haushi ne ya tashe ni, ba tausayin kowa ba. Na je na ce Ɗanlami ya ba ni wuri. Ya ce, "A'a, ma'aikaci, kada kakinka ya ɓaci." Na yi masa banza. Na duba, na shafa, na tuna yadda na ga ana yi wa tarakta in iska ta shiga hanyar mai. Na sassauta noti, na yi ta famfo har mai ya fito ba kumfa, na ɗaure. Na ce Ɗanlami ya wana. Inji ya yi tari sau biyu, ya tsaya. Na ce ƙara. Sai ya kama.

Sunusi, matan nan guɗa suka yi. Ni kuwa na tsaya hannuna baƙi ƙirin, na rasa inda zan sa idona. A gareji hannuna kawai ake so, ranar nan kaina aka tambaya ya kuma ba da amsa. Ban sake komawa bakin get ba. Daga injin niƙa na koma injin ban-ruwa da noman rani ya yi ƙarfi, na kafa rumfa bakin kasuwa. Na ci, na sha, na aurar, na kai ka makaranta, duk da sifana. Kuma ban taɓa gajiya da jin inji ya kama ba, har ranar da idona ya hana ni.

Irin tsayuwar nan na gani a jikinka ranar da ka gyara famfon sola na masallacin Juma'a, bayan an yi wata biyu ana sayen ruwa a jarka. Ina daga nesa ina kallo. Ruwa ya zubo, liman yana sa maka albarka, kai kana ta goge hannu a wando. Da ka dawo gida na ce maka wasan yara ne da wayoyi. Ƙarya na yi. Haushi na ji, don ba ni na koya maka ba. Kana ƙarami in ka taɓa sifana ina buge maka hannu, ina cewa kai ofis za ka zauna. Ka je ka koya a wajen wasu, a waya da wajen masu haɗa sola, ka dawo da 'yar mitarka mai allura. Abin da ka ji ranar nan ka riƙe shi, shi ne zai tashe ka da safe a ranakun da kasuwa ba ta ci ba.

Yanzu maganar kawunka. Kai abin da ka sani shi ne ba ma ga maciji, an ce maka faɗan rumfa ne. Ga yadda aka yi.

Garba ƙanin mahaifiyarka ne, ciki ɗaya. Ya dawo daga ci-rani da mata da 'ya ɗaya, ba sana'a, na ce ya zo rumfa. Shekara shida muna tare. Hannunsa yana da kyau, ba zan hana shi wannan ba. Muna wasa irin na miji da ƙanin mata, yana ce mini angon yayarsa mai rowar nama, ina ce masa ci-ma-zaune.

A zamaninmu akwai abin da masu gyara suke yi, ni ma a hannun na gaba da ni na gani. Ba a gyara inji a gaban mai shi, kuma ba a ba shi a ranar. Akwai zana a bayan rumfa, can ake shiga da inji. In mai shi ya nace da leƙe sai ka aike shi sayen goro. Ko da tsinke ne ya toshe shi, sai inji ya kwana, wani ya kwana biyu. Dalilinmu shi ne in ka gyara nan take mutum zai raina aikin, ya raina ka, gobe ya buɗe da kansa ko ya kai wa wani. Muna kiran wannan kwantar da inji. Ni ban ɗauke shi zalunci ba, mutuncin sana'a na ɗauke shi.

Akwai wani Bafulatani, Buba, daga rugar bayan Yako. Mutum mai sanyi, ba ya ɗaga murya. Shekarar ce ya fara noman rani, ya sayar da sa ya sayi inji. Wata Talata ya zo da shi a ɗaure a bayan keke, rana ta fara cizo lokacin. Ya ce, "Malam Sabo, na kawo maka mara lafiya. Shekaranjiya na yi dashen tumatir, tun jiya bai sha ba." Na ji wannan magana da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Na ja igiya sau ɗaya, na san datti ne a kafireto, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Na ce masa, "Ciwon na ciki ne, ka bar shi ya kwana." Ya ce to.

Washegari aka yi ɗaurin aure a Dangora, na tafi, na bar rumfa a kulle. Buba ya zo ya koma. Rana ta uku rumfa ta cika, manyan manoma sun kawo nasu, na ce wa kaina bari in sallami waɗannan tukuna. Buba ya zo tun hantsi ya tsuguna gefe, sandarsa a kafaɗa, yana jira. Garba ya matso ya ce a hankali, "Yaya, dashe ne fa." Na ce, "Kai ne mai rumfar ko ni?" Can bayan azahar ya sake cewa, "Yaya, mutumin nan." Na ce ya rufe mini baki.

Sai ya tashi ya shiga bayan zana, ya ɗauko injin, ya dire shi a fili, tsakiyar mutane. Ya kwance ƙasan kafireto, ya zubar, ya sa baki ya hure, ya mayar, ya ja igiya. Inji ya tashi. Ya ce, "Buba, dattin mai ne kawai. Ka riƙa tace fetur da ƙyalle kafin ka zuba." Sai Iliya mai tsire ya leƙo daga tukubarsa ya ce, "Sabo, ashe ciwon ciki da hurawa yake warkewa? Bari in kawo maka surukata." Aka kwashe da dariya. Ni, da furfurata ta fara fitowa, a rumfata.

Kafin la'asar na watso wa Garba kayansa waje. Na ce kada in ƙara ganin ƙafarsa a rumfata ko a gidana. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Yaya." Wannan haƙurin ya fi dariyar ƙona mini rai.

Bayan kwana biyu Buba ya biyo ta gaban rumfa. Ya tsaya ya gaishe ni har da tambayar iyali. Na ce ya inji? Ya ce, "Inji lafiya lau. Ruwa ya zo, Malam Sabo, sai dai babu mai sha." Shi da matarsa sun yi ta ɗiba da bokiti daga rafi, fangali uku suka tsirar. Ban gaya wa kowa ba, na hau keke na je na gani da idona. Dashen duk ya kwanta a ƙasa kamar zare. Na tsaya, na juyo. Ban shiga rugar ba. Buba bai sake noman rani ba, daga baya suka tashi suka yi kudu da shanunsu, ban san inda yake ba balle in nemi gafararsa. Shekara goma sha tara ke nan, mahaifiyarka ma ba ta san na je gonar ba. Yayarka ta ajiye biro tana kallona. Rubuta, ke dai.

Saboda haka ga abin da nake so ka ɗauka. In mutum ya sauke inji a gabanka, kafin ka taɓa sifana ka tambaye shi me ya shuka, kuma yaushe rabon shukar da ruwa. Amsarsa ita za ta gaya maka wanda za ka fara yi wa aiki, ba girman rigarsa ba. Mai dashe yana gaban mai rake, ko da mai raken Alhaji ne da mota. Ka gyara a gabansa yana kallo. In abin hurawa ne ka hure ka ba shi, ka nuna masa yadda zai yi in ya sake faruwa yana tsakiyar fadama. Ba zai guje ka ba. Ni da na ɓoye, ina zaune na ga injinan Kiru ana ɗaure su a babur ana wucewa da su ta gabana zuwa Tudun Wada. Na ce asiri Garba ya yi musu. Shekaru ina faɗin haka.

In ka canza wani ƙarfe, ka miƙa wa mai shi tsohon a hannunsa, ko bai tambaya ba. In kuma abu ya fi ƙarfinka ka ce ya fi ƙarfinka. Ni ban taɓa iya cewa ban sani ba. Da sola ta shigo aka fara kawo mini, maimakon in ce ban san kanta ba sai na riƙa cewa kayan banza ne, ba za su yi ƙarko ba. Ga su nan sun cika fadama, ni ina zaure. An ce mini kawunka da kansa ya ce bai iya sola ba, shi ya sa yake nemanka, kai ka riƙe wannan shi ya riƙe na fetur. Mutum mai jikoki ya buɗe baki ya ce wa ɗan yayarsa bai iya ba. Na daɗe ina juya wannan.

Na ji kuma za ka riƙa shiga ƙauyukan Doguwa wajen masu dankali da masara. Kada yamma ta yi maka a hanyar daji, in aiki ya ja ka kwana can. Abin da aka ba ka ka ci, kada ka nuna kai ɗan birni ne. In ka ga mai gyaran garin ya yi kuskure, ka ja shi gefe ka gaya masa tsakaninku.

Wannan na ƙarshen da gangan na faɗe shi, don har gobe ina nan a kan bakana: Garba bai kyauta mini ba. Yana iya shiga bayan zana ya gyara, ya fito ya ce Yaya ya gama. Bai yi haka ba, ya tsiraita ni a kasuwa. Yayarka ta ce ai sau biyu ya yi mini magana a hankali. Na sani, ina wurin. Duk da haka.

Sai dai na auna abin da fushin nan ya ci. Shekara goma sha tara ɗan'uwan mahaifiyarka bai sha ruwa a ɗakinta ba. Ranar auren yayarka a ƙofar masallaci ya tsaya, aka shafa fatiha ya hau babur ya juya. Da tsohuwarsu ta rasu, ni da shi muka ɗauki makara ɗaya, yana gaba ina baya, ba wanda ya ce wa wani sannu. Mahaifiyarka ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai ranar nan da na yi maka furucin. Bayan ka fita ta ce, "Malam, ka raba ni da ƙanina na yi shiru. Wannan kuma ni na haife shi." Ta ɗauki butarta ta shige. Tun da muke ba ta taɓa yi mini magana ta tafi ba ta jira amsa ba.

To ka ji. Maganar da na faɗa na janye ta. Ka tafi rumfar kawunka da yardata. Ka bi shi, ka girmama shi, abin da ya iya ka kwashe duka, rabinsa ma a wajena ya samu. In ya yi maka faɗa ka haƙura, in ya yi kuskure ka san yadda za ka gaya masa. In kun zauna ka ce masa yayarsa tana son ganinsa, kuma zauren gidan nan ba a kulle yake ba. Kada ka ce ni na ce. Yayarka tana tambaya, to wa za ka ce ya ce? Wannan ya rage naka, kai ne mai boko.

Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya sa abin da ka taɓa ya tashi. Allah Ya haɗa ka da masu gaskiya, Ya hana ka cutar da wanda ya amince maka, Ya kiyaye ka daga wutar lantarki da kaifin ƙarfe da sharrin hanya. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya sa ka fi ubanka sauƙin kai. Amin.

Gobe da safe ka zo ka gaishe ni kamar yadda ka saba. Zan amsa. Kada ka tsaya jiran in ƙara wani abu a kai, kuma kada ka ɗauko zancen takardar nan, ba zan iya ba. Ka gaishe ni kawai, ka ɗan zauna.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sabo Mai-inji, Kafin Maiyaƙi.